Sunan 'Yar Inna a Rajista

Tiga,
11 ga Afrilu.

Zuwa ga maigida, Baban Nusaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya sharar gona, yaya mutanen Doguwa? Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hanyar Tiga ce ta ɓace maka. Nusaiba ta fara famfara, ta hana kowa ganin bakinta.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Kai da bakinka ka ce sai ka hau dutse sannan waya take kamawa, kuma duk ma'aikatan gonar a kan dutsen nan suke taruwa. Maganar da ke bakina ba ta kan dutse ba ce. Shi ya sa na ba Ukasha direba, tunda in ya sauke kifi a kasuwar Tudun Wada wajenku yake wucewa.

Maganar 'Yar Inna ce. Ka ga, ko a takarda hannuna ya ƙi kama sunanta. 'Yar fari ce, haka muka taso muka tarar, ni ba na kiran sunanta, kai ba ka zama inda take zaune, tun da aka yaye ta muka miƙa wa Inna. Da ƙyanda ta tafi da idanunta tana shekara uku, a bayan ɗaki na yi kukana, kai ma na san inda ka yi naka.

Ka tuna Malama Hasiya, makauniyar malamar nan 'yar Badafi da ofishin ilimi ya turo makarantar unguwarmu tun farkon shekarar karatu? Ita ce ka ce kai ba ka ga abin da makaho zai koya wa makaho ba. To, ranar Talata ta zo gidan nan. Ita kaɗai ta tako tun daga bakin titi da farar sandarta, jakarta a kafaɗa, ta yi sallama a daidai ƙofarmu kamar a nan aka haife ta. Ta zauna a tsakar gida ta ce yarinyar ta ɗauko takardunta. Ni kuwa na shige ɗaki da hular da nake ɗinki, na ɗan ɗage labule.

Wallahi Baban Nusaiba, ban san yadda zan gaya maka ba. Takarda ce fara fat, ba ɗigon tawada, sai 'yan ƙuraje a jere. Yarinyar nan ta ɗora yatsunta a kai, ta ɗaga fuskarta sama, sai ga labari yana fitowa daga bakinta tiryan-tiryan, labarin yadda ruwa yake tashi daga kogi ya zama girgije ya dawo. In yatsan ya tsaya bakin ya tsaya, in ya ci gaba ya ci gaba. Wata bakwai ke nan tana wannan abu, ni uwarta ban taɓa tsayawa na kalla ba. Allura ta shige ɗan yatsana, ban sani ba sai da na ga jini a hular mutane. Ikon Allah sai kallo.

Amma ba karatu ne ya kawo Malama ba. Ta je cike sunayen 'yan aji shida da za su rubuta jarrabawar shiga sakandare, aka karanta mata rajista daga sama har ƙasa, babu sunan 'Yar Inna. Aka ɗauko ta aji biyar, ta aji huɗu, har ta aji ɗaya. Babu. Shekara shida yarinyar nan tana zaune a aji, ashe a wurin hukuma ba ta taɓa shiga makaranta ba.

Kada ka yi saurin zagin hedimasta. Na zauna na yi tunani, laifin a gidan nan yake kwana. Ranar da aka fara kai ta, kai kunya ta hana ka zuwa, ni ma haka. Inna ta haɗa ta da 'ya'yan maƙwabta ta ce su riƙe mata hannu, a wurinta wanda ya zauna a aji ai ya shiga makaranta. Shi kuma hedimasta ya ce ya ɗauka 'yar rakiya ce, ya bar ta don tausayi, ya ji nauyin aiko mana kada mu ce korar ta yake son yi. Mu kuma duk ƙarshen zango muna aika masa da kwandon kifi na godiyar alfarma. Kowa yana jin kunyar kowa, yarinya tana tsakiya.

Da na fito muka zauna, na faɗi kalmar alfarma, sai Malama ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Ta ce dokar ƙasa ta ba yaro mai naƙasa karatu kyauta har ƙarshen sakandare, babu makarantar gwamnati da ke da ikon mayar da shi don idonsa ko kunnensa ko ƙafarsa, kuma a koyar da shi ta hanyar da zai gane. Ta ce iyaye suna da bakin tambaya, kuma dole a ba su amsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga inda aka tsaya. Ta rubuta wa ofis, za su turo jami'i nan da sati uku ya ga aikin da yarinyar ta yi a shekarar nan. In ya gamsu, a sa ta a rajista, a nemo mata tambayoyi da rubutun makafi. In bai gamsu ba, ko aka rufe karɓar sunaye, 'yan ajinsu za su wuce su bar ta. Akwai kuma fom da za a sa wa hannu. Don Allah ka zo, ko na kwana ɗaya ne.

Ka gaida abokan aiki. Allah ya ba da damina mai albarka.

Taka,
Luba.


Tiga,
24 ga Afrilu.

Zuwa ga Baban Nusaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da aiki. Mun ji an yi ruwan farko a wajenku, Allah ya sa na alheri ne. Mu nan har yanzu sai zafi, dam ya ja baya har duwatsun tsakiya sun fito. Kowa lafiya, sai Inna da ba ta cin abinci, za ka ji dalili.

Ukasha ya kawo saƙonka na baka. Ya ce ka ce a bar yarinya ta huta, kada a kai ta inda za a yi mata dariya, abin da ta samu ya isa. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na san ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne, ni ma ina da irinsa. Amma takarda na aiko maka, na so a ce takarda ka maido mini.

Yanzu ka ji abin da ya same mu. Aikin yarinyar na wata bakwai, wajen takarda sittin, a cikin kwali yake a ɗakin Inna, gefe guda kuma sababbin da ba a taɓa ba. Ranar Juma'a takardar naɗe soyayyen kifin da Inna take sayarwa ta ƙare mata, ga 'yan yawon buɗe ido sun cika bakin dam. Ka san halinta, ba ta naɗe kifi da takarda mai rubutu, kada a ce akwai sunan Allah a ciki. Ta buɗe kwali ta ɗaga takardun nan ta duba gaba da baya, ba ta ga rubutu ba. Ta ga waɗansu sumul, waɗansu duk an tsattsaga musu jiki da tsinke. Sai ta ce bari ta ɗebi waɗanda suka lalace, ta bar wa jikarta masu kyau. A wurin Inna karatu a ka yake zama, allo kuwa in an haddace wankewa ake yi. Har yabon takardar ta dawo tana yi, wai ba ta taɓa samun mai riƙe mai irinta ba.

Da yarinyar ta dawo ta sa hannu a kwali, ba ta yi kuka ba. Ta tambaya sau ɗaya, aka gaya mata, ta je ta zauna a gindin turmi. Inna ce ta yi kukan, tana cewa ta cuci marainiyar Allah, ni kuma ina ce mata ai da ubanta, yana Doguwa.

Washegari na saka mayafi na bi gida-gida ina neman takardun wurin waɗanda suka sayi kifi. Ka yi haƙuri, ban jira izininka ba. Matar Jamilu mai gyaran raga ta riga ta hura wuta da nata. A gidan liman akuya ta riga ni. Wani ma'aikacin gidan ruwa, da ya ji bayani, ya koma ofis da gudu ya tono uku daga kwandon shara, ya kawo da hannu biyu yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Baƙin da suka zo daga Kano kuwa sun tafi da lissafin 'yarka a cikin motocinsu. Goma sha tara na samo, duk sun sha mai, suna ƙarnin karfasa.

Daga nan ne na yi tawa wautar. Na ce ni da nake kwafe zanen hula tun ina 'yar shekara tara, ɗigo-ɗigo ne zai gagare ni? Na ɗauki sababbin takardu, na ɗora masu man a kansu, na bi kowane ƙurji da tsinken kitso ina dannawa. Kwana uku ina yi in ta tafi makaranta, har wuyana ya ƙage. Na gama takwas, na juya su, ga ƙuraje sun fito reras. Na ajiye mata a kwali ban ce komai ba.

Ta dawo ta shafa, ta sake shafawa, sai ta fashe da dariya, dariyar da rabon da in ji irinta tun kafin Juma'ar nan. Ta ce wa Inna, da ƙarfi don in ji, wai wani aljani ya shiga kwalinta ya juya mata haruffa, kowanne ya ba da baya. Ashe ta bayan takarda ake rubutun, daga dama zuwa hagu kamar ajami, sannan a juya a karanta daga hagu kamar boko. Ni da na san zanen hula a juye yake ta ciki, ban kawo wannan a raina ba. Yarinyar nan kowane harafi sau biyu ta san shi, fuskarsa da ƙeyarsa, duk a cikin kanta.

Na ce ta ba ni in sake, yanzu na gane. Sai ta juyo daidai inda nake tsaye, ta ce a'a. Ta ce ko ya yi kyau ba hannunta ba ne, ba za ta miƙa wa jami'i aikin da ba ita ta yi ba. Masu ƙarnin za ta kai. Na ji kunya, na kuma ji wani abu da ya fi kunyar girma, ban san sunansa ba.

Jami'in zai zo ranar Laraba ta sama, biyar ga Mayu. Ina sake roƙon ka.

Inna ta ce kada in gaya maka abin da ta yi. Ka yi kamar ba ka ji ba.

Matarka,
Luba.


Tiga,
6 ga Mayu.

Zuwa ga maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwana, ina gajiya, yaya shuka? Ina fata jikinka lafiya. Mu duk lafiya lau, Inna ta koma cin tuwonta har da neman ƙari.

Jiya tun da hantsi nake kallon hanya. Kowace mota ta tsaya a bakin titi sai in ce kai ne. Da na ga rana ta ɗaga, na ɗauki kwali, Inna ta riƙe hannun jikarta, muka tafi makaranta.

Jami'in sunansa Malam Ladan, dattijo ne mai furfura, ya zo a kan babur. Aka fito masa da tebur gindin mangwaro. Labarin kifi ya riga ya zaga gari, don haka kafin a fara masunta sun jingine kwale-kwale sun zo, mata sun yi layi a jikin katanga, 'yan aji sun cika tagogi. Abin da kake tsoro ke nan, taron masu dariya.

Ya buɗe kwali, ƙarni ya buge shi, ya ɗan kau da kai, mutane suka yi dariyar kuwa. Ya juya takardun ya sake juyawa. Sannan ya faɗi gaskiyarsa, na kuma ga girmansa a kan haka. Ya ce shi bai iya karanta wannan rubutu ba, a ofishinsu ma Malama Hasiya ce kaɗai ta iya, ita ce kuma malamar yarinyar. Ya ce ba ya zargin kowa, amma makafi Allah ya ba su kaifin hadda, ta yiwu yarinyar ta haddace ne tana shafa takarda. Shi kuwa abin da idonsa ya gani zai rubuta a rahoto. Inna ta fara salati, ni na ce shi ke nan.

Malama ba ta ji haushi ba. Ta miƙe ta ce a raka ta can ƙarshen filin ƙwallo, gindin ɗorawa, inda ko ihu aka yi ba za ta ji ba. Ta ce shi kuma ya gaya wa yarinyar duk abin da ya ga dama a kunne, ta rubuta, a kai mata. Hedimasta ya raka ta ya tsaya a kanta.

Malam Ladan ya lalubi aljihu yana neman abin da ba wanda zai iya sani. Ya zaro wata 'yar takarda a ninke, ya duba, ya yi murmushi, ya sunkuya yana raɗa mata. Ta sa takarda a ɗan allon nan nata mai gurabu kamar na dara, ta kama tsinke. Yana raɗawa tana dannawa. Ya ƙara mata lissafi guda uku, ta ɗan motsa baki, ta danna amsa. Ya ce ya isa, amma hannunta bai tsaya ba sai da ta ƙara layi biyu.

Da aka ce wa zai kai, Inna ta riga kowa. Ka ga uwarka, da ciwon gwiwarta, ta ratsa filin nan cikin rana da takarda a tafin hannu biyu, ba ta yarda ko inuwar yatsanta mai mai ta taɓa tsakiyar ba. Duk taron ya bi bayanta, har jami'in.

Malama ta ɗora yatsu, ta ɗaga murya irin ta aji. Kuka mudu ɗaya. Daddawa. Kanwa. Man shafawar Hajiya. Kuma tunda Tiga za ka, kada ka kuskura ka dawo mini da kifin jiya. Ashe takardar cefanen matarsa ce. Filin nan ya ɗauka da dariya, shi kansa har da riƙe ciki, yana ɗaga 'yar takardarsa yana cewa wallahi ko wasali ba a bari ba. Lissafin ma uku duk daidai.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, sai ta koma kabbara. Mutane suka waiwaya suna kallon yarinyar can gindin mangwaro ita kaɗai, suka juyo suna kallon Malama a nan. Tsakaninsu fili guda, ba mai ganin wata, ba wadda ta ji wata, magana ta tashi daga waccan ta sauka a bakin wannan ba ta zube a hanya ba. Wani tsohon masunci ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ni dai hawaye nake yi a gaban maza, ban damu ba.

Sai Malama ta ce saura layi biyu, ba na jami'i ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in rubuta maka yadda ta karanta: "Sunana Hamdiyya Ja'afar. Shekarata shida a makarantar nan, don Allah a rubuta ni."

Ban taɓa jin sunan nan cikakke a bainar jama'a ba tun ranar suna. Hedimasta bai jira an ce masa komai ba, ya tafi ofis da sauri ya ɗauko rajista, a kan sirdin babur ɗin jami'i aka rubuta ta.

Yanzu ga abin da na fi jin nauyin gaya maka. Malam Ladan ya fito da fom ya ce ina uban yarinya, gobe ake rufe karɓa. Na ce kana Doguwa. Ya ce to ina uwarta. Na waiga ina neman Inna, sai Malama ta kamo hannuna, ban san yadda aka yi ta gane inda nake ba. Ta ce abin da aka rubuta a wurin shi ne uwa ko uba ko mai riƙo, hannuna daidai yake da naka a wannan takarda. Na karɓi biro. Sunaye biyu da bakina bai taɓa kamawa ba, nata da naka, na rubuta su a jere da hannuna, na sa nawa a ƙasa.

Na san abin da ka ce a gaya mini. Na saɓa maka, kuma ban yi a ɓoye ba, ga shi ina gaya maka. In akwai hukunci ni ce mai shi, ba ita ba. Amma da kana filin nan, na rantse da kai za ka karɓe biron daga hannuna.

Ina jiran amsarka, ko mai zafi ce.

Taka har kullum,
Luba.


Tiga,
2 ga Yuni.

Baban Nusaiba,

Sallama da gaisuwa. Yaya noman farko? Mun gode da buhun masarar da ka aiko, Allah ya ƙara buɗi. Na zazzage shi har ƙasa ko akwai takarda a ciki, babu. Ukasha ya ce ka karanta tawa sau biyu, ka ninke ka sa a aljihu, ka koma bakin aiki. To, shiru ma magana ce, amma ni ban iya karanta ta ba.

Ba zan dame ka da dogon zance ba. Ofis sun aiko da amsa a rubuce, da sunana a bayan ambulan. Tambayoyinta za su zo daga Kano da rubutun makafi, a rufe kamar na kowa. Sun ƙara mata lokaci, don yatsa bai kai ido sauri ba. In ta gama, wani malami da bai san ta ba zai mayar da amsoshin zuwa biro, a haɗa da na sauran yara a yi maki. Malama ba za ta shiga ɗakin ba. Na riƙe takardar nan ina juyawa, wai ni ce gwamnati ta rubuto wa tana gaya mini abin da za ta yi wa 'yata.

Yarinyar ta rame kaɗan don karatu. Ba ta tambaye ni kai ba, ka san ba za ta tambaya ba. Amma duk ranar da Ukasha zai dawo, a zaure take yin bitarta.

Jarrabawar ranar Asabar ce, sha tara ga wata, ƙarfe tara na safe, a babbar firamaren da ke bakin hanya a Bebeji. Na faɗa maka ne kawai don ka sa ta a addu'a.

Luba.


Tiga,
20 ga Yuni.

Zuwa ga maigidana, Baban Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya, ruwan yamma bai tare ku a dajin Falgore ba. Inna da Nusaiba suna gaishe ka. Su ba su san komai ba, ban kuma gaya musu ba.

Na gan ka.

Ina zaune a benci tare da sauran iyaye, sai na hango mutum a bayan ajin ƙarshe, ya raɓe a jikin bango kusa da taga, ya ja hula har gira. Ko cikin mutum dubu na san tsayuwarka. Ga taɓon gona har gwiwar wandonka, ka taso tun asuba ke nan. Na yunƙura zan taso, sai na ce a'a, mutumin da ya ratso Tudun Wada da Kiru don ya ɓuya, a bar shi ya ɓuya. Awa uku kana tsaye. Sauran yara suka fito, kai kana nan, don ita an ƙara mata lokaci. Na ga ka kai hannun riga fuska sau biyu, na ce ƙila zufa ce. Da aka buɗe ƙofa na juya in karɓe ta, na waiwayo babu kai.

Ta rubuta jarrabawarta, Baban Hamdiyya. Tambayoyin sun zo kamar yadda suka yi alkawari, aka ba ta ambulan ta shafa bakin ta tabbatar a rufe yake, sannan aka yage shi a gabanta. Ta zauna a layi na biyu, da lambarta a manne a tebur kamar kowa. Ba wanda ya yi dariya. Mai sa ido ya fito yana gaya wa abokinsa cewa shekararsa ashirin yana wannan aiki bai taɓa ganin irin haka ba. Ta ce lissafi ya yi sauƙi, Turanci ya ɗan ba ta wuya. Sakamako na Allah ne, ni dai abin da na roƙa na gani.

A mota muna dawowa, har mun wuce kwanar gari. Can sai ta jingo da kanta a kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba, ni ma ban janye ba. Ta ce, Baba ya zo. Na ce wa ya gaya mata. Ta ce tun ana raba takardu ta ji gyaran muryarka a bayan taga, irin wanda kake yi in za ka shigo gida don ta samu ta kauce.

Na ce to me ya sa ba ta ce a kira ka ba. Ta ce ai ta san kunya kake ji, kuma ba a magana a ɗakin jarrabawa. Sai ta buɗe mini tafin hannunta, na ga gindin tsinken ya yi mata ja har ya tashi. Ta ce yau da gangan ta riƙa danna shi da ƙarfi, tun daga tambaya ta farko har ta ƙarshe, don ka ji daga waje cewa tana rubutawa.

Ina fata ka ji.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. In ka zo, ta ƙofa za ka shigo.

Matarka,
Luba, uwar Hamdiyya.